Wa Ke Duba Ma'aunin Alƙali?

Idan aka tambayi ɗaliban da zuciyarsu ta karkata ga sha'anin shari'a abin da suke so su zama, kusan dukkansu za su ce lauya, ko joji, ko babban ɗan sanda. Da wuya a ji wanda zai ce burinsa ya zauna a ofis yana ƙidaya hukunce-hukuncen da alƙalai suka yanke, yana gwada na wannan kotu da na waccan, domin ya gano ko mutum biyu da suka aikata laifi iri ɗaya sun sami ɗauri iri ɗaya. Alhali kuwa a ƙasar Amurka wannan aiki ya daɗe da zama sana'a mai zaman kanta, da makarantunta da ofisoshinta da matakan girmanta, kuma abin da ma'aikatanta suka rubuta ya rage wa dubban fursunoni shekaru, a wani zamani kuma ya taimaka aka ƙara musu. A ganina aikin ya cancanci hankalin ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, amma fa sai an san shi ciki da waje, domin tarihinsa ba dukkansa ne abin yabo ba.

Kafin shekara ta 1987 alƙalin kotun tarayya a Amurka kusan sarki ne ranar yanke hukunci. Doka takan ce ɗaurin laifi kaza kada ya wuce shekara 20 ko 25, daga nan ta yi shiru. Alƙali yana iya sallamar mai laifi a ƙarƙashin sa ido, yana kuma iya ɗaure shi iyakar abin da doka ta yarda, ba lalle ne ya faɗi dalili ba, kuma muddin bai ƙetare iyakar ba, da wuya kotun sama ta taɓa hukuncin. Bayan haka akwai hukumar sakin talala, wadda ita ce takan yanke ainihin ranar da fursuna zai fita. Wani joji na birnin New York, Marvin Frankel, ya fitar da wani ɗan littafi a farkon shekarun 1970 inda ya nuna cewa wannan iko ba shi da linzami, ya kuma kawo shawarar a kafa hukuma ta dindindin wadda za ta yi nazarin hukunci ta tsara masa ƙa'ida. Abin da ya ƙarfafa maganarsa gwaji ne da aka yi a 1974. An ba alƙalai 50 na yankin da ya haɗa jihohin New York da Connecticut da Vermont takardun shari'o'i iri ɗaya, aka ce kowa ya rubuta hukuncin da zai yanke. A shari'a guda, wani ya rubuta shekara 3, wani kuma ya rubuta shekara 20 da tarar dala 65,000. Mutum ɗaya, laifi ɗaya, takarda ɗaya. Ashe makomar wanda ake tuhuma tana rataye ne ga ƙofar da aka shigar da shi da safe.

A lura da abin da ya faru a nan. Kowane lauya ya daɗe da sanin cewa akwai alƙali mai zafi da alƙali mai sanyi, ana ta faɗi a barandar kotu shekara da shekaru ba abin da ya canza. Da aka sa abin cikin alƙaluma, aka buga, sai ya zama magana a Majalisa. Sanata Edward Kennedy ya riƙe batun, 'yan jam'iyyar adawa da shi irin su Strom Thurmond suka mara masa baya saboda nasu dalilin, watau suna ganin alƙalai sun cika sassauci, har Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar gyaran hukunci a watan Oktoba na 1984. Dokar ta soke sakin talala ga laifuffukan tarayya, ta kafa Hukumar Tsara Hukunci a ƙarƙashin sashen shari'a. Wakilanta masu ƙuri'a bakwai ne, Shugaban Ƙasa ke naɗa su da yardar Majalisar Dattijai, wa'adinsu shekara shida, aƙalla uku alƙalan tarayya ne, kuma ba a yarda fiye da huɗu su fito daga jam'iyya ɗaya ba.

Wakilan farko, cikinsu har da Stephen Breyer wanda daga baya ya hau Kotun Ƙoli, sun kasa daidaitawa a kan manufar hukunci. Wasu sun ce a saka wa mai laifi gwargwadon muninsa, wasu sun ce a auna abin da zai hana wani aikatawa. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai suka koma ga ma'aikatan bincike, aka ɗauko shari'o'i kimanin 10,000 da aka riga aka yanke, aka tsefe su ɗaya bayan ɗaya, aka fitar da matsakaicin abin da alƙalai suka saba yi, aka gina ƙa'idojin a kansa. Sakamakon shi ne jadawali mai matakan laifi 43 daga sama zuwa ƙasa, da rukuni 6 na tarihin mai laifi daga hagu zuwa dama, watau gida 258, kowane gida da adadin watanninsa. Kowane laifi yana da matakin da yake farawa. A ƙara in an riƙe bindiga, a ƙara gwargwadon kuɗin da aka yi hasara, a ƙara in mutum shi ne uban tafiya, a rage mataki biyu ko uku in ya amsa laifinsa. Tazarar da ke tsakanin ƙasa da saman kowane gida ba ta wuce kashi 25 cikin ɗari ko wata shida ba. Ƙa'idojin sun fara aiki ranar 1 ga Nuwamba, 1987. Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin Hukumar a 1989, sa'an nan a 2005, a shari'ar Booker, ta ce jadawalin shawara ne: wajibi ne alƙali ya lissafa shi ya dube shi, amma yana da ikon kauce masa in ya bayyana dalili.

To, su wane ne ke wannan aiki, kuma me suke yi daga safe zuwa yamma? Tushen abin yana hannun jami'in sa ido na kotu, wanda ake da irinsa a kowace gunduma cikin gundumomin shari'a 94 na tarayya. Shi ke binciken rayuwar wanda aka samu da laifi, iyalinsa da aikinsa da lafiyarsa da laifuffukansa na baya, ya lissafa matakinsa, ya miƙa wa alƙali rahoto kafin ranar hukunci. Cikin kwana 30 da yanke hukunci, doka ta wajabta wa kotu ta aika wa Hukumar a Washington da wannan rahoto, da takardar tuhuma, da yarjejeniyar amsa laifi in akwai, da takardar hukuncin, da bayanin dalilan alƙali. Shari'o'in da ke isa can sun wuce 60,000 a shekara. Akwai ma'aikatan da aikinsu kawai su karanta waɗannan takardu su shigar da kowane bayani cikin kwamfuta bisa tsari guda. Akwai masu bin bayansu suna tace kuskure. Akwai masanan ƙididdiga masu fitar da ma'ana daga tarin. Akwai lauyoyi masu mayar da sakamakon zuwa kalmomin doka. Akwai kuma masu zagaya ƙasa suna koyar da alƙalai da jami'ai yadda ake lissafin. Dukkansu kimanin mutum ɗari ne. Kowace shekara Hukumar tana miƙa gyare-gyarenta ga Majalisa kafin 1 ga Mayu, in Majalisa ba ta ƙi ba su zama ƙa'ida ranar 1 ga Nuwamba. Ita ce kuma ake tambaya ta lissafa gadon kurkuku nawa wani sabon ƙuduri zai ci.

Ba nan kaɗai ake ɗaukar irin waɗannan ma'aikata ba. Ma'aikatar Shari'a tana da ofishin ƙididdiga da aka kafa a 1979, da cibiyar da ke ba jami'o'i kuɗin bincike. Kotunan tarayya suna da tasu cibiyar nazari tun 1967. Jihohi da dama suna da nasu hukumomin hukunci. Akwai kuma cibiyoyi masu zaman kansu irin su Vera da RAND. Ilmin da ake nema shi ne na halayyar zaman jama'a, ko tattalin arziki, ko ƙididdiga, ko nazarin laifuffuka, wanda Jami'ar Jihar New York da ke Albany ta buɗe masa makaranta ta musamman har zuwa digirin dakta a ƙarshen shekarun 1960. Mai digirin farko yakan fara da shigar da bayanai, mai na biyu ya zama mai nazari, jagorancin bincike kuwa galibi sai mai digirin dakta. Ɗalibinmu da ke hangen can ya sani yawancin guraben gwamnatin tarayya na 'yan ƙasa ne, ƙofar baƙo ita ce jami'a. Kada kuma lauya ya ɗauka wannan hanya ƙasƙanci ce: Ketanji Brown Jackson ta yi aikin lauya a Hukumar daga 2003 zuwa 2005, ta dawo mataimakiyar shugaba daga 2010 zuwa 2014, ta hau Kotun Ƙoli a 2022.

Wanda yake son ya san darajar aikin da kuma iyakarsa, ya dubi labarin hodar ibilis. A watan Yuni na 1986 wani shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando na Jami'ar Maryland, Len Bias, ya mutu bayan ya sha hodar, kwana biyu da wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Shekarar zaɓe ce, hankalin jama'a ya tashi, Majalisa ta yi gaggawa ta kafa doka ba tare da zaman sauraron masana irin wanda aka saba ba. Hodar kuwa iri biyu ce a kasuwa: akwai gari, akwai kuma dunƙulalliya da ake kira kirak, wadda daga garin ake dafa ta, ake sayar da ita da araha a unguwannin matalauta. Dokar ta ce giram 5 na kirak ɗaurin shekara 5 ne na tilas, daidai da giram 500 na gari. Giram 50 na kirak shekara 10, daidai da kilo 5 na gari. Ɗari da ɗaya ke nan. Abin takaici, garin ne ya kashe ɗan wasan. A nan Hukumar ta yi babban kuskurenta, domin ta ajiye hanyarta ta duba abin da alƙalai suka saba yi, ta ɗauki wannan lissafi na Majalisa ta shimfiɗa shi a kan kowane nauyi cikin jadawalinta.

Ma'aikatanta ne kuma suka tona ɓarnar. Da takardu suka taru, aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ake ɗaurewa saboda kirak baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu 'yan talla ne na bakin titi, har ƙaramin mai talla yakan sha ɗaurin da ya kai na dillalin da ya sayar da garin da aka dafa. A 1995 Hukumar ta kai rahoto, ta kuma amince da ƙuri'a huɗu da uku a daidaita iri biyun. Majalisa ta yi watsi da gyaran, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan watsin. Hukumar ta koma a 1997, ta koma a 2002, ta koma a 2007. Sai a 2010 aka sauko daga ɗari da ɗaya zuwa 18 da ɗaya, sai kuma a 2018 aka ba waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashin tsohuwar doka damar neman ragi. Ƙudurin daidaita su gaba ɗaya ya wuce a Majalisar Wakilai a 2021, ya maƙale a ta Dattijai. Shekara 15 ke nan tsakanin ranar da alƙaluma suka bayyana gaskiya da ranar da 'yan siyasa suka fara saurare, kuma duk wanda aka ɗaure a tsakani ya yi zamansa. Mai shiga wannan sana'a ya shiga da haƙurin manomin dabino.

Amma akwai inda binciken ya ci nasara da kansa, kuma shi ne ya fi burge ni. A 2007 Hukumar ta rage matakin kirak da mataki biyu cikin abin da ke hannunta, ta kuma ce ragin ya shafi waɗanda ke tsare. Fiye da fursunoni 16,000 suka sami ragi na kimanin wata 26 kowanne. Masu adawa suka ce an saki annoba. Maimakon cacar baki, ma'aikatan suka bi sawun waɗanda aka saki da wuri, suka gwada su da takwarorinsu da suka cika wa'adinsu gab da fara ragin. Bayan shekara biyar, kashi 43 cikin ɗari na rukunin farko ne suka sake faɗawa hannun hukuma, na biyu kuwa kusan kashi 48. Ragin bai ƙara laifi ba. Wannan sakamako ne ya ba wakilan ƙarfin gwiwa a 2014 suka rage matakin dukkan laifuffukan ƙwaya, fiye da mutum 30,000 suka amfana. Babu lauyan da ya taɓa fitar da mutane masu wannan yawa daga kurkuku, komai iya bakinsa.

Sai dai alƙalamin mai bincike kaifi biyu gare shi. A 1974 wani masani, Robert Martinson, ya buga maƙala a kan nazarce-nazarce 231 na shirye-shiryen gyaran halin fursuna, aka taƙaita ta a bakin jama'a da cewa babu abin da ke aiki. 'Yan siyasa suka cafe maganar, domin ta ba su hujjar rufe ajin koyon sana'a su gina ƙarin ɗakuna. A 1979 Martinson ya janye yawancin abin da ya faɗa, ya ce wasu shirye-shiryen suna da amfani, amma janyewar ba ta sami ko kusa da masu sauraron da maganar farko ta samu ba. Fursunonin tarayya, waɗanda ba su wuce kimanin 25,000 ba a 1980, sun kai wajen 219,000 a 2013. Ba maƙala ɗaya ce ta jawo haka ba, amma ta share hanya. Haka nan kujerar mai binciken ba ta da tabbas. A 2005 an sauke shugaban ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a bayan ya ƙi yarda a cire daga sanarwar manema labarai abin da bincike ya nuna game da yadda 'yan sanda ke cajin direbobi baƙaƙe fiye da farare. Daga farkon 2019 zuwa watan Agusta na 2022 Hukumar Tsara Hukunci ba ta da isassun wakilan da za su kaɗa ƙuri'a, saboda an kasa naɗa sababbi, ma'aikata suna ta fitar da rahoto babu mai ikon gyara ƙa'ida. A watan Afrilu na 2025 kuma Ma'aikatar Shari'a ta soke ɗaruruwan tallafin da ta riga ta bayar, cikinsu har da na bincike.

Akwai masu cewa tun asali kuskure ne a sa ɗan Adam cikin gidan jadawali, kuma alƙalai da yawa sun yi wannan kuka tsakanin 1987 da 2005. Suna da gaskiya a wani fanni. Ikon da aka ƙwace daga alƙali bai ɓace ba, ya koma hannun lauyan gwamnati, wanda shi ke zaɓen tuhumar da zai shigar da nauyin ƙwayar da zai lissafa, a ƙasar da kimanin kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka yanke wa hukunci amsa laifi suka yi ba a kai ga sauraron shaidu ba. Alƙali a fili yake yanke hukuncinsa, lauyan gwamnati kuwa a ofis yake cinikinsa. Amma wannan suka ce ga jadawali na tilas, ba ta taɓa aikin ƙidaya ba. Hasali ma da aka mayar wa alƙalai 'yancinsu ne buƙatar mai ƙidaya ta ƙaru. Rahoton Hukumar na 2017 ya nuna ɗaurin baƙar fata namiji ya fi na farar fata mai irin laifinsa da irin tarihinsa tsawo da kimanin kashi 19 cikin ɗari, na 2023 ya nuna kimanin kashi 13. Ana iya gardama a kan dalilin ratar, ana kuwa yi. Ba don akwai wanda ke riƙe da littafin ba, da babu ma abin da za a yi gardama a kansa.

Mu nan gida mun san dokar firgici. A shekarar da Amurka ta kafa Hukumarta, 1984, gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20 wadda ta sa kisa a kan fataucin ƙwaya, ta kuma mayar da ita baya, aka harbe mutum uku a Kirikiri a watan Afrilu na 1985. Gwamnatin da ta biyo baya ta soke hukuncin kisan. Ciwonmu na yau kuwa ya sha bamban da na Amurka, domin kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke yi, ba a kai ga yanke musu komai ba. Saboda haka ban ga hikimar kwaso gida 258 a dasa a kotunanmu ba, balle a inda dokar Final Kod da ta Shari'ar Musulunci da dokokin tarayya ke aiki kafaɗa da kafaɗa. In akwai abin koyi, ya fi kusa da na jihar Minnesota, wadda ta kafa hukumarta a 1978 ta ɗaure ƙa'idojinta da yawan gadajen da kurkukunta ke da su. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba jami'anmu ikon sanar da Babban Joji in gida ya cika, har su ƙi karɓar ƙari. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce duk bayan kwana 90 a miƙa wa Babban Joji sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a, kuma kotunan Abuja sun sami ƙa'idojin yanke hukunci tun 2016. Takardun da za a ƙidaya ke nan doka ta riga ta tanada. Abin da ya rage shi ne hukumomin ɗaukar ma'aikatan shari'a na jihohi su buɗe gurbin jami'in ƙididdiga a ofishin kowane babban magatakarda, da matakin albashi da hanyar ƙarin girma irin ta sauran ma'aikata, a kuma wajabta masa buga abin da ya samu sau ɗaya a shekara, kotu kotu, laifi laifi, da adadin watannin da aka yanke da na waɗanda aka yi ana jira.